Tsakanin Tarihi da Tarihihi: Rayuwar Helena, Mahaifiyar Sarki Kustantin, da Kafuwar Ziyarar Ibada ta Kirista

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Helena, mahaifiyar Sarkin Rum Kustantin, wadda ake jingina wa kafuwar al'adar ziyarar ibada da Kirista suke yi zuwa wuraren da Littafi Mai Tsarki ya ambata a ƙasar Falasɗinu. An yi amfani da rubuce-rubucen ƙarni na 4 da na 5 na Miladiyya, da shaidar sulallan da aka buga da sunanta, da kuma gine-ginen da suka wanzu, aka jera su bisa tsarin shekarunsu domin a ga abin da kowanne ya faɗa da lokacin da ya faɗe shi. Maƙalar ta gano cewa tafiyar da Helena ta yi zuwa gabashin daula tsakanin 326 da 328 tafiya ce ta fada, wadda ibada da siyasa suka cakuɗe a cikinta, kuma majami'u biyu kawai marubutan zamaninta suka danganta mata. Labarin gano gicciye kuwa, wanda shi ya fi fito da sunanta, bai bayyana a rubuce ba sai bayan fiye da shekara 60 da rasuwarta. Saboda haka rayuwarta misali ce ta yadda tarihihi yake tsirowa a kan tarihi har ya rufe shi.

Fitilun Kalmomi: Helena, ziyarar ibada, Urushalima, Baitalami, tarihihi

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara dubban Kirista daga sassan duniya, har da na Nijeriya waɗanda hukumar da aka kafa musu a 2007 take shirya wa tafiya, sukan nufi Baitalami da Urushalima (Birnin Ƙudus) domin su tsaya a wuraren da suka yi imani nan aka haifi Yesu Almasihu, nan ya koyar, nan kuma aka binne shi. Mai kallon wannan al'ada zai ɗauka tun farkon addinin take. Amma kusan shekara 300 na farko sun wuce ba tare da an gina majami'a ko ɗaya a kan waɗannan wurare ba. Sauyin ya zo ne a zamanin Sarki Kustantin, kuma sunan da ya fi manne wa sauyin shi ne na mahaifiyarsa Helena.

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe da ware wani rukuni na zube da suke kira tarihihi, wato labarin da yake da tushe a tarihi amma baki ya yi masa ƙari da ado har ya zama wani abu dabam. Matsalar da ake fuskanta a nazarin irin wannan labari ita ce rashin shaidar da za ta nuna lokacin da kowane ƙari ya shigo. Rayuwar Helena ta fita dabam ta wannan fuska, domin akwai rubuce-rubuce masu kwanan wata da suke ba da damar a bi sawun labarin mataki-mataki. Wannan ne dalilin zaɓen ta.

1.1 Majiyoyin Tarihinta

Majiya mafi kusa da zamaninta ita ce littafin tarihin rayuwar Kustantin wanda Yusibiyus, bishof na Kaisariya, ya rubuta bayan rasuwar sarkin a 337. Yusibiyus mazaunin Falasɗinu ne, yana raye lokacin da ta zo, sai dai littafinsa na yabo ne, yana tsallake duk abin da zai zubar da mutuncin fada. Bayan shi akwai jawabin da Ambros, bishof na Milan, ya yi a 395, da tarihin ikilisiya na Rufinus wanda aka kammala a farkon ƙarni na 5, da na Sokratis da Sozomen da Tiyodoret. Akwai kuma marubuta irin su Zosimus waɗanda ba Kirista ba ne, masu ƙin gidan Kustantin. Kowane ɓangare yana da inda ya karkata, don haka sulalla da rubutun jikin duwatsu suke da muhimmanci wajen auna maganarsu. A cikin nazarce-nazarcen zamani, aikin Hunt (1982) kan ziyarar ibada a ƙarshen zamanin Daular Rum da na Drijvers (1992) kan Helena su ne ginshiƙai.

2.0 Asalinta da Haɗuwarta da Kustantiyus

Yusibiyus ya nuna cewa ta rasu tana da kimanin shekara 80. Da yake an daina buga sulalla masu hotonta a 329, masana sukan sanya haihuwarta tsakanin 248 da 250. Marubucin ƙarni na 6 Furokofiyus ya ce a garin Direfanum na lardin Bitiniya aka haife ta, a arewa maso yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, garin da ɗanta ya sauya wa suna zuwa Helenofolis.

Abin da majiyoyi suka yi ittifaƙi a kansa, masoya da maƙiya, shi ne ƙasƙancin asalinta. Ambros, wanda yabon ta yake yi, ya bayyana ta a matsayin mai hidima a masaukin matafiya, inda ake ɗaure dawaki ana sayar da abinci da giya. A idon Romawa wannan sana'a tana daga cikin mafi ƙasƙanci ga mace. A irin wannan hali ne ta haɗu da Kustantiyus, wani hafsan soja ɗan yankin Balkan da tauraronsa yake tasowa. Wasu majiyoyin sun kira ta matarsa, wasu kuma sun ɗauki zaman nasu a matsayin wanda doka ba ta lissafa shi cikakken aure ba. Ta haifa masa ɗa ɗaya, Kustantin, a garin Nayisus, wato Nish ta ƙasar Sabiya a yau, wajen shekara ta 272.

Wani abin lura shi ne wannan ɗa nata, bayan ya zama sarki, ya kafa doka a 336 wadda ta hana manyan masu muƙami halatta 'ya'yan da suka haifa da bayi, ko 'yan wasan dandali, ko mata masu aikin mashaya. Ke nan ƙofar da shi kansa ya shigo ta cikinta ita ya rufe wa na baya.

Sa'ad da Sarki Diyokletiyan ya raba mulkin daula tsakanin sarakuna huɗu, manya biyu da ƙanana biyu, an naɗa Kustantiyus ƙaramin sarki a yamma a 293. Hawa irin wannan matsayi yana tafiya da auren siyasa. Ya rabu da Helena ya auri Tiyodora, 'yar gidan babban sarkin yamma Maksimiyan, wadda ta haifa masa 'ya'ya shida. Kustantin kuwa aka tura shi fadar Diyokletiyan a Nikomidiya, inda ya taso a matsayin hafsa kuma tamkar jingina. Daga nan sunan Helena ya ɓace daga rubutu fiye da shekara 10.

3.0 Dawowarta Fada

A ranar 25 ga Yuli, 306, Kustantiyus ya rasu a garin Yok na Ingila, sojojinsa suka ɗaga Kustantin suka kira shi sarki. Wannan ne ya dawo da Helena cikin lissafi. An yi imani ta zauna a Tiriya, cibiyar mulkin ɗanta ta farko a ƙasar Jamus ta yau. Bayan ya ci Maksentiyus da yaƙi a gadar Milbiya a Oktoba 312 ya shiga birnin Rum, sai ta koma can, ta mallaki fadar Sesoriyum da filaye masu faɗi a kudu maso gabashin birnin. Akwai rubutun jikin dutse da ya nuna ta gyara wani gidan wanka na jama'a a wannan unguwa bayan gobara ta ci shi.

Game da shigarta addinin Kirista, Yusibiyus ya ce ɗanta ne ya jawo ta. Tiyodoret, wanda ya rubuta bayansa da fiye da shekara 100, ya juya maganar, ya ce ita ta tarbiyyantar da ɗan a kan addinin. Wannan saɓani shi kansa alama ce ta yadda martabarta take ƙaruwa a bakin marubuta gwargwadon nisansu da zamaninta.

A Satumba 324 Kustantin ya murƙushe Lisiniyus, sarkin gabas, ya haɗe daular gaba ɗaya a hannunsa. A ƙarshen wannan shekara ya ba mahaifiyarsa da matarsa Fausta laƙabin Agusta, mafi girman abin da mace take iya samu a daular. Matsayin ya ɗara na Mai Babban Ɗaki a masarautun Hausa, domin an buga sulallan zinariya da na tagulla da hotonta sanye da kambi, kuma Yusibiyus ya ce an ba ta ikon ɗiba daga baitulmalin sarki yadda ta ga dama. Macen da ta fara rayuwa tana hidimar matafiya ta kai wannan matsayi tana da shekara fiye da 70.

4.0 Urushalima Kafin Zuwanta

Domin a fahimci nauyin tafiyarta, sai an san halin da birnin yake ciki. Romawa sun rushe Urushalima a shekara ta 70. Sarki Hadiriyan ya sake gina ta a kan tsarin biranen Rum, ya sa mata suna Iliya Kafitolina, kuma bayan tawayen 132 zuwa 135 aka hana Yahudawa zama a cikinta. Sunan Iliya ya kama har marubutan Larabci na farkon Musulunci da shi suke kiran birnin. Yusibiyus ya kawo labarin wani gwamnan Falasɗinu da yake tuhumar wani Kirista a farkon ƙarni na 4, wanda da aka ambata masa Urushalima bai san ko wane gari ake nufi ba. A tsarin ikilisiya ma bishof na Iliya yana ƙarƙashin na Kaisariya ne.

Akwai waɗanda suka zo kafin Helena, irin su Melito na Sardis a ƙarni na 2 da Orijen a ƙarni na 3, wanda ya ambaci wani kogo a Baitalami da mutanen wurin suke nunawa a matsayin wurin haihuwar Yesu. Amma mafi yawansu malamai ne masu son tantance wuraren da nassi ya ambata. Koyarwar da ta fi rinjaye a lokacin ita ce bauta ba ta rataya ga wani dutse ko wani birni ba, kuma Urushalimar da mai bi yake fata ta sama ce. Rusasshen birnin na ƙasa hujja ce kawai ta cikar annabci.

A taron bishof-bishof na Nikiya a 325 an amince a girmama bishof na Iliya, wanda a lokacin shi ne Makariyus, ba tare da an taɓa fifikon Kaisariya ba. Jim kaɗan bayan haka Kustantin ya ba da umarnin a rushe wani haikalin gunkiya Afrodit da ke tsakiyar birnin, a kwashe ƙasar da aka cike wurin da ita. A ƙarƙashi aka tarar da wani kabari da aka sassaƙa cikin dutse, aka ɗauke shi a matsayin kabarin Yesu. Wasiƙar da sarki ya aika wa Makariyus kan gina babbar majami'a a wurin tana cikin littafin Yusibiyus, kuma babu sunan Helena a cikinta.

5.0 Masifar 326 da Tafiya Gabas

Shekarar 326 ita ce mafi duhu a gidan Kustantin. A cikinta ya sa aka kashe babban ɗansa Kirisfus, wanda wata mace mai suna Minabina ta haifa masa, jarumin da ya jagoranci rundunar ruwa a yaƙin da aka ci Lisiniyus. An kashe shi a garin Fola. Ba a jima ba Fausta ta mutu a ɗakin wanka da aka zafafa fiye da kima. Aka goge sunayensu daga jikin duwatsu. Yusibiyus bai ce uffan kan wannan ba a littafin rayuwar sarkin. Zosimus da wani taƙaitaccen tarihin sarakuna na ƙarshen ƙarni na 4 sun ce Helena ta yi baƙin cikin kashe jikanta ƙwarai, ta zargi ɗanta, kuma wannan zargi ne ya kai ga halaka Fausta.

A bayan wannan ne tsohuwa mai shekara kusan 78 ta kama hanyar gabas. Yusibiyus ya ce ta tafi ne domin ta yi godiya ga Allah saboda ɗanta da jikokinta, ta kuma ga ƙasar da Almasihu ya taka. Sai dai bayanin da ya bayar na abin da ta yi a hanya ya fi kama da rangadin sarauta. Ta ratsa lardunan gabas da biranensu cikin alfarmar mulki. Ta raba kyauta ga mazauna birane, ta raba kuɗi ga rundunonin soja, ta tufatar da matalauta, ta saki fursunoni, ta 'yanto waɗanda aka tura aikin wahala a ramukan haƙar ma'adinai, ta dawo da waɗanda aka kora daga garuruwansu. Sakin fursuna da dawo da korarre iko ne na sarki, ba ya hannun mai ziyara komai dukiyarsa. Ya kuma ce takan shiga majami'u cikin tufafi marasa ado ta cuɗanya da jama'a, har a ƙananan garuruwa.

Masana sun fassara wannan ta fuska biyu. Wasu suna ganin tafiyar yunƙuri ne na wanke sunan fada daga jinin da aka zubar a 326, ta hanyar nuna wa duniya taƙawar gidan sarauta. Drijvers ya fi karkata ga halin da gabas take ciki: yanki ne da aka ci da yaƙi shekara biyu kacal da suka wuce, yawancin mutanensa da sojojinsa ba Kirista ba ne, kuma sababbin manufofin addini na sarki suna tayar da ƙura. Fassarorin biyu ba sa karo da juna. Sarkin da ya kashe magajinsa da matarsa ya aika mahaifiyarsa da sunansa.

Tafiyar ba ta rasa ƙaya ba. Ikilisiyar gabas a rabe take kan koyarwar Ariyus na Iskandariyya game da matsayin Almasihu. Helena tana girmama shahidi Lusiyan na Antakiya, wanda kabarinsa yake Direfanum, kuma da yawa daga magoya bayan Ariyus almajiransa ne. Atanasiyus ya ruwaito cewa cikin tuhumar da aka yi wa Yustatiyus, bishof na Antakiya, har aka tuɓe shi, akwai cewa ya ci mutuncin mahaifiyar sarki.

5.1 Majami'un Baitalami da Dutsen Zaitun

A Falasɗinu, majami'u biyu Yusibiyus ya danganta mata. Ta farko a Baitalami, a kan kogon haihuwa. Ta biyu a Dutsen Zaitun, a kan kogon da ake cewa nan Yesu ya koyar da almajiransa, kusa da wurin da Kirista suka yi imani daga nan ya hau sama. Ya ƙara da cewa sarki ya ƙawata su da kayan zinariya da azurfa da labule masu ado. Idan aka haɗa su da majami'ar kabari, sai a ga kogo uku da suka tsaya a madadin rukunai uku na aƙidar da aka tabbatar a Nikiya: haihuwa, mutuwa da tashi, da hawa sama. Wato an ɗauki aƙidar da take a baki aka dasa ta a ƙasa, inda ƙafa za ta taka, hannu ya shafa.

Majami'ar Baitalami doguwa ce mai layukan ginshiƙai huɗu, da wani gini mai kusurwa takwas a daidai saman kogon. An keɓe ta a 339. A ƙarni na 6, zamanin Sarki Jastiniyan, aka sake gina ta, kuma wannan ginin ne yake tsaye har yau. Haƙar da aka yi a 1934 ta tono daɓen farko na ƙananan duwatsu masu launi a ƙarƙashin daɓen yanzu, kuma maziyarta suna leƙa shi ta wasu ƙofofin katako. Ta Dutsen Zaitun kuwa Farisawa sun rushe ta a 614, sai a 1910 aka gano harsashinta.

Ba Helena kaɗai ce macen fada da ta zo a wannan lokaci ba. Yutrofiya, mahaifiyar Fausta, ta ziyarci Mamre kusa da Hebron, wurin da ake dangantawa da Annabi Ibrahim, ta kai wa sarki ƙarar gumakan da ta gani a can, aka gina majami'a. Amma baki bai riƙe sunanta ba.

6.0 Rasuwarta

Ba ta daɗe da dawowa ba ta rasu, a ƙarshen 328 ko farkon 329, ɗanta yana gefenta. Ta bar wasiyyar raba dukiyarta tsakaninsa da jikokinta. Sojoji suka raka gawarta zuwa birnin Rum, aka binne ta a wani hubbare mai ƙubba a kan hanyar Labikana, jikin majami'ar shahidai Marselinus da Bitrus. Akwatin gawarta na jan dutsen Masar ne wanda aka keɓe wa sarakuna, kuma yana gidan adana kayan tarihi na Batikan a yau. Zanen jikinsa na mahaya dawaki ne suna tattake kamammun yaƙi, abin da ya sa masana da yawa suke ganin an sassaƙa shi ne domin wani sarki namiji, mai yiwuwa Kustantin kansa. An keɓe majami'ar kabari ta Urushalima a Satumba 335, shekara shida bayan rasuwarta.

7.0 Yadda Labarin Gicciye Ya Tsiro

A aƙidar Kirista an gicciye Yesu, saɓanin aƙidar Musulunci, don haka itacen da aka ce a kansa abin ya faru yana da daraja ta musamman a wurinsu. Jerin shaidun da suka shafi gano wannan itace shi ne kamar haka.

Yusibiyus ya yi dogon bayani kan tono kabari da ginin majami'a, bai ambaci gicciye ba. Wani maziyarci daga Bodo ta ƙasar Faransa, wanda ya rubuta zangon tafiyarsa a 333, ya ga majami'un ya ce da umarnin Kustantin aka gina su, bai ambaci gicciye ko Helena ba. Wajen 350 Siril na Urushalima yana gaya wa masu shirin baftisma cewa gutsattsarin itacen sun riga sun bazu a duniya. A wasiƙarsa ta 351 zuwa ga Sarki Kustantiyus na Biyu ya ce a zamanin Kustantin aka gano shi, bai faɗi wanda ya gano ba. Ijeriya, wata mace daga yammacin daula da ta zauna a yankin daga 381 zuwa 384, ta bayyana yadda ake fito da itacen a ranar Juma'ar tunawa da gicciyewa, bishof yana danne shi da hannuwansa, dikinoni suna tsaye suna gadi, domin an taɓa samun wanda ya gatsa ya tafi da ɗan guntu a bakinsa. Ta ambaci mahaifiyar Kustantin dangane da ƙawata majami'u, ba dangane da gano itacen ba.

Sai a 395, a jawabin jana'izar Sarki Tiyodosiyus, Ambros ya haɗa biyun. A ruwayarsa Helena ta tona ta tarar da gicciye uku, ta gane na Yesu ta allon da aka rubuta laifinsa a kai. Ta samo ƙusoshi, ta sa aka yi linzami da ɗaya, aka saka ɗaya a kambin ɗanta. Bayan 'yan shekaru Rufinus ya kawo wata ruwayar, inda Makariyus ya ɗora itatuwan uku ɗaya bayan ɗaya a kan wata mace mai jinya, na ukun ya warkar da ita. A wasiƙar Faulinus na Nola ta 403 mai jinyar ta zama gawa da aka tayar. A ƙarni na 5 aka samu ruwayar Suriyanci da ta mayar da aikin hannun wata Furotonike, wadda aka ce matar Sarki Kalaudiyus ce ta ƙarni na 1. Wata ruwayar kuma ta shigo da wani Bayahude mai suna Yahuza, wanda aka jefa a busasshiyar rijiya kwana bakwai har ya nuna wurin, daga baya ya karɓi addinin ya zama bishof. Wannan ta ƙarshe, mai ɗauke da ƙiyayyar Yahudawa a fili, ita ta fi yaɗuwa a Turai.

Drijvers ya nuna cewa tushen labarin Urushalima ne, kuma mai yiwuwa ya fara shiga rubutu ta tarihin ikilisiya na Gelasiyus na Kaisariya, ɗan 'yar'uwar Siril, wanda ya ɓace amma Rufinus ya ɗebo daga cikinsa. Siril ya shafe shekaru yana jayayya da Akakiyus na Kaisariya kan fifiko, har aka kore shi daga kujerarsa sau uku. Birnin da yake neman ɗaukaka yana da itacen a hannu, abin da ya rage masa shi ne labarin da zai ɗaure itacen da gidan sarauta. Helena ta dace da wannan gurbi: ta zo da ƙafarta, ta yi gini, ta rasu, ba ta da bakin musu. A taron Kalsidon na 451 Urushalima ta samu matsayin babbar kujera mai cin gashin kanta, kuma a wannan taro ne aka yi wa Sarauniya Fulkeriya kirari da sabuwar Helena.

8.0 Tasirinta a Kan Ziyarar Ibada

Cikin shekara 60 da tafiyarta, hanyar Falasɗinu ta cika da maziyarta, kuma manyan mata masu dukiya suna sahun gaba. Melaniya Babba ta kafa gidan zuhudu a Dutsen Zaitun. Faula ta bar birnin Rum ta zauna a Baitalami tare da Jerom daga 386, ta gina masauki domin baƙi. Sarauniya Yudokiya ta zo a 438. Ba kowa ne ya yi na'am ba. Giregori na Nisa, bayan ya je ya gani da idonsa wajen 380, ya rubuta cewa sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah, ya kuma koka da lalacewar ɗabi'a a masaukan hanya da cikin birnin kansa. Wannan muhawara ba ta mutu ba, ta sake tasowa da ƙarfi a zamanin gyaran ikilisiya na ƙarni na 16.

Itacen ya shiga siyasar yaƙi. Farisawa sun tafi da shi a 614, Sarki Hirƙal ya dawo da shi a 630, kuma guntun da mayaƙan Salibiyya suke ɗauka zuwa fagen fama ya faɗa hannun Salahuddin a Hittin a 1187. Sunan Helena kuwa ya ci gaba da jawo wurare. An jingina mata ɗakin ibada na Dutsen Sina'i, da gidan zuhudu na Istabrobuni a tsibirin Ƙubrus, da matakalar da ake hawa da gwiwa a birnin Rum, da rigar da ake ajiye da ita a Tiriya. A Ingila Jefri na Monmos ya mayar da ita 'yar wani sarkin Birtaniya mai suna Kowel, aka share masaukin matafiya aka ba ta jinin sarauta. A Habasha, bikin Meskel da ake yi a ƙarshen Satumba yana tunawa da Sarauniya Eleni, wadda aka ce ta hura wuta hayaƙin ya karkata ya nuna mata inda itacen yake binne. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2013. Ikilisiyar yamma tana tunawa da ita ranar 18 ga Agusta, ta gabas kuma ranar 21 ga Mayu tare da ɗanta.

9.0 Kammalawa

Abin da shaidun zamaninta suka tabbatar game da Helena shi ne: mace ce mai ƙasƙantaccen asali wadda aka ajiye gefe saboda auren siyasa, ɗanta ya ɗaukaka ta a tsufanta, ta wakilci fada a gabas a lokacin da gidan sarauta yake cikin zargi, ta kuma sa hannu a ginin majami'u biyu. Gano gicciye, da ƙusoshi, da warkar da mai jinya, da jinin sarautar Birtaniya, duk sun shigo daga baya, kuma kowanne ana iya nuna ƙarninsa da bukatar da ta haife shi: Urushalima tana neman fifiko a kan Kaisariya, Ambros yana son nuna wa magadan Tiyodosiyus cewa mulki yana ƙarƙashin linzamin addini, Ingila tana neman rabo a cikin Kustantin. Darasin da mai nazarin tarihihi zai ɗauka shi ne ƙarin da baki yake yi ba ya zuwa haka kawai, akwai mai amfana da shi a lokacin da ya shigo. Duk da haka, aikin da ta yi da hannunta bai ɓace ba. Maziyarcin da ya sunkuya ya shiga ta ƙaramar ƙofar majami'ar Baitalami a yau, ya sauka zuwa kogon, yana bin taswirar da aka shata a zamanin tafiyarta ta 326 zuwa 328.